Wane injin kofi ne zai yi aiki a motar gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da maigidana muna da irin motar nan mai ɗaki da kicin a ciki, mukan yi kwana biyu uku a hanya. Akwai batir mai 100Ah da inbata mai wat 1000 da murhun gas. Na jona injin kofin da nake amfani da shi a gida, irin mai kafsul ɗin nan, sai inbata ta yi ƙara ta ɗauke. Injin ne ya lalace ko kuwa? Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, injinki lafiyarsa lau, inbatar ma ba ta lalace ba, kanta ta kare. Ki juya injin ki duba ƙasansa akwai 'yar takarda da aka rubuta wat ɗin da yake ja, irin su Nespresso yawanci suna tsakanin 1200 zuwa 1500 ne, ke kuma inbatarki 1000 ce, kin ga an ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta.

Dafa ruwa na daga cikin abubuwan da suka fi cin wuta a mota. Batirin bolt 12 ne, to injin da ke jan wat 1300 sai ya zuƙi sama da am 100 daga batir (am shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya), in aka haɗa da asarar da inbata ke yi ya kai wajen 120. Abin da zai ba ki mamaki shi ne wutar da ake ci ba ta da yawa, minti biyu kawai ne, bai wuce 4Ah daga cikin 100Ah ɗin batirinki ba, matsalar ita ce a lokaci ɗaya ake fizgarta. Batir mai ruwa ko AGM (irinsa ne amma rufaffe, ba a ƙara masa ruwa) in aka fizge shi haka sai bolt ɗinsa ya faɗi inbata ta ɗauka ya ƙare, na litiyam ya fi juriya amma shi ma da yawa masu 100Ah akwai na'urar kariya a ciki da ke yanke wuta in an wuce am 100. In naki mai Bluetooth ne ki buɗe manhajarsa a waya lokacin da kike kunna kaya, da idonki za ki ga yadda lambar ke tashi.

To in dole sai mai kafsul ɗin kike so, sai an canza inbata zuwa mai wat 2000, kuma ta zama mai tsaftatacciyar wuta wadda masu sola ke ce wa fiya-sain, don ɗaya irin takan rikita injinan da ke da kwakwalwar lantarki. Sannan a sa waya mai kauri gajeriya tsakanin batir da inbata da fiyus kusa da batir. Don Allah wannan kar a yi wasa da shi, siririyar waya a am 120 zafi take yi har ta narke, kuma a cikin motar nan kuke kwana. A kira mai gyaran wuta ya yi.

Za ki ga kuma ana tallan injinan kofi masu bolt 12 da ake jonawa a soket ɗin layita na mota. Gaskiya ba na son su. Soket ɗin yawanci am 10 yake bayarwa, wat 120 kenan, kofi ɗaya tak sai ki jira sama da minti 10.

Ni dai da ni ne, tunda akwai gas, ba zan taɓa batir ba sam. Ki nemi butar Moka, wadda Alfonso Bialetti ya fito da ita a Italiya a 1933, ruwa a ƙasa, garin kofi a tsakiya, ki ɗora a wuta kaɗan, tururi ya tura ruwan sama. Ƙarfe ce, ko ta faɗo a gargada ba abin da zai same ta. Ko kuma AeroPress, na roba ne mara nauyi, ki tafasa ruwa ki zuba ki danna, dusar ta fita a dunƙule, wanki ba ya cin ruwa, wanda duk mai tankin mota ya san darajar hakan. Mai tulun gilashi kam ki bar shi a gida. Ki riƙa buɗe taga in kin kunna gas.

Tambayar wani mai mota: Malam ina da sola mai wat 200 a rufin motata, ba za ta ja injin ba da rana?

Amsa: A'a ɗan'uwa, faifan sola batir yake cikawa a hankali, injin kuma daga batir da inbata yake sha, sai ka duba ƙarfin waɗannan biyun. In kuma ka tsaya a sansanin da ake jona wa motoci wuta, ka tambayi am nawa suke bayarwa, wasu a Turai am 6 ne kawai, wajen wat 1380 kenan, sai ka kashe hita kafin ka kunna injin.