Amsar Yaya kan tafiyar Masar: a sauya wata, a rage wurare

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Hajiya ina gaisuwa, idan an kunna miki wannan. To ƙanena, na ji saƙonka tun da rana, sai yanzu na samu sukuni, kuma maganar ta fi ƙarfin rubutu, shi ya sa na ce bari in yi murya. Za ta ɗan yi tsawo, a yi haƙuri.

Abin da na fahimta, kana so ka ɗauki Hajiya da maman yara da yaran nan biyu ku tafi Masar a hutun Agusta, mako guda, ku ga dalolin fir'aunoni, ku je Luksor, ku kai har Abu Simbel, ku leƙa Iskandariyya, in da hali ma a ƙare a Sharm a sha iskar teku. Kana tambaya ko zai yiwu, kuma ta ina za a fara. Niyya kam ta yi kyau, Allah ya saka maka da alheri da ka tuna da Hajiya. Amma abu biyu zan taɓa maka, watan da ka zaɓa da kuma wannan jerin naka.

Agusta dai, a'a. Kada ka ce ai mun saba da rana. Yawon ganin kayan tarihi a can yawo ne na ƙafa a fili, a kan dutse da rairayi, babu bishiya babu rumfa. Luksor da Aswan a wannan lokacin zafi yana wuce digiri 40 kusan kullum, kuma Kwarin Sarakuna da ake zuwa gani a Luksor, inda kaburburan fir'aunoni suke, rami ne tsakanin duwatsu, iska ba ta ratsa shi. Kai za ka jure, yara za su yi ta kuka, Hajiya kuwa da ciwon gwiwa da hawan jininta ba ma a fara ba. Lokacin zuwa shi ne daga Oktoba zuwa Afrilu. Idan dole sai yara suna hutu, to ka ɗaga zuwa Disamba. Ka sani dai nan ne kakar baƙi, otal yana tsada, ana cika, don haka da wuri ake kama ɗaki. Kuma ku tafi da rigunan sanyi, daren Alkahira a Disamba da Janairu ba wasa ba ne. Maris zuwa Mayu kuma akwai wata iska mai ƙura da suke kira hamsin, in ta taso sai ta ɓata maka yini sukutum.

Sai jerin. Ka duba taswira da kyau. Daga Alkahira zuwa Luksor ya fi kilomita 600, awa guda ne a jirgin sama, kwanan hanya ne a jirgin ƙasa mai gado. Daga Luksor zuwa Aswan wata tafiyar ce ta sama da kilomita 200. Abu Simbel kuma yana kudu da Aswan da kusan kilomita 280, dab da iyakar Sudan. Iskandariyya tana can arewa a bakin teku, Sharm tana can Sinai. Wato ka zaɓi kusurwa huɗu na ƙasar ka ce a kwana bakwai. Abin da za ku gani shi ne filin jirgi da cikin mota, sauri ya haifi nawa ke nan. Ni in ni ne, Alkahira kwana huɗu, Luksor kwana uku, shi ke nan. In ka iya ƙara kwanaki ya kai goma, sai a saka Aswan. Iskandariyya da Sharm a bar su sai wani jiƙon.

To bari in zauna a kan Alkahira, don nan ne mutane suka fi yin kwaɓa. Dalolin Giza ba a tsakiyar daji suke ba kamar yadda hoto yake nunawa, a bakin gari suke, gidaje sun zo har kusa da su. Ku isa ana buɗe ƙofa, da sanyin safiya, kafin manyan motocin baƙi su sauke mutane. Babbar cikinsu, ta Fir'auna Kufu, ta kai shekara 4,500, tsayinta na asali kusan mita 146 ne. Idan ka tsaya a gindinta, dutse ɗaya na layin ƙasa zai kai maka ƙirji ko ya wuce, ka ɗaga kai har hula ta faɗi ba ka gama ganin samanta ba. An hana hawa, laifi ne a dokarsu, ka ja wa yaran kunne tun a mota. Shiga ciki kuwa tikitinsa daban, kuma bari in gaya maka abin da ke ciki don kada a yi maka daɗin baki: wani siririn lungu ne za ka bi a sunkuye, kana hawa, ga zafi ga numfashin mutane, ka ɓulla wani ɗaki da babu komai sai akwatin dutse wanda babu kowa a cikinsa. Babu zane, babu zinariya. Kai da babban yaron in kuna so ku shiga, amma Hajiya da maman yara su zauna a waje su yi hoto da Abul Haul, wannan gunkin mai kan mutum da jikin zaki.

Masu raƙuma da dawakai na nan, sana'arsu ke nan, kuma sun iya baki. Kada kowa ya hau sai an gama ciniki a ƙasa: nawa ne, da fam ɗin Masar ko da dala, mutum ɗaya ko duka, zuwa ina, kuma har da dawowa da saukewa. Ka maimaita masa a gaban mutane. Wanda ya miƙo maka rawani ko ɗan gunki ya ce kyauta ne, kada ka karɓa a hannu. Ka ce la, shukran, wato a'a, na gode, ka yi murmushi ka wuce. Ba faɗa, ba tsayawa.

In kun samu rabin yini, ku ɗauki mota zuwa Sakkara, kamar kilomita 30 kudu da gari. Can ne dalar Zosa mai hawa shida take, ta girmi na Giza, kuma a ƙananan kaburburan wurin ne za ku ga zane a bango, masunta da makiyaya da masu yankan shanu, abin da yara za su tsaya su kalla. Mutane ma ba su kai na Giza yawa ba.

Gidan tarihi kuma guda uku ne manya, ka riƙe wannan da kyau don direba zai iya kai ka wanda ba shi kake nufi ba. Akwai tsohon da ke dandalin Tahrir, tun 1902 yake. Akwai sabon babban da ke kusa da dala, wanda aka yi bikin buɗe shi a Nuwamban 2025, can aka tattara kayan Fir'auna Tutankamun, fiye da guda 5,000, har da fuskar zinariyar nan da kowa ya sani a hoto. Sai na uku a Fustat, tsohuwar unguwar Alkahira, wanda a 2021 aka kwashe gawarwakin sarakuna 22 aka mayar can, maza 18 mata 4. Na san Hajiya, abin da za ta fara tambaya shi ne ina gawar Fir'auna. To Fustat za ku kai ta. Ramsis na biyu yana nan kwance a cikin gilashi, wanda ya yi shekara 66 yana mulki, ana ganin gashinsa da ƙaton hancinsa. 'Yan rakiya za su ce maka shi ne na zamanin Annabi Musa, alaihis salam. Masana tarihi ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, wasu ɗansa suke nunawa, don haka a kalla a ɗauki izina, kada a dawo ana rantsuwa a kai. Ba a ɗaukar hoto a wannan ɗakin, kuma ana so a yi shiru.

Tunda kun je Fustat, masallacin Amru bin Asi yana nan kusa, wanda aka kafa tun lokacin da Musulunci ya shiga ƙasar, wajen 642. Ni a ganina yini guda cur ya kamata ka ware wa wannan ɓangaren, domin shi ne zai fi shiga ran Hajiya fiye da duk wani dutse. Azhar, da aka fara sallah a cikinsa a 972, ga masallacin Husaini a tsallaken titi, ga kasuwar Khan Halili a manne da shi, ga titin Mu'izz da za ku bi da yamma idan an kunna fitilu. Akwai masallacin Ibn Tulun na 879, fili ne fetal, shiru, hasumiyarsa matakalarta ta waje take zagayawa. Akwai ganuwar Salahuddin a kan tudu, daga nan ana hango gari duka. Hubbaren Imamu Shafi'i ma yana Alkahira. Ba za ku iya duka a rana ɗaya ba, ka zaɓi uku. A kasuwar kuma, kuɗin da aka fara faɗa maka ba kuɗi ba ne, a bar wa maman yara wannan, ta fi ka iyawa.

Zirga-zirga a gari, Uber yana aiki, ya fi maka sauƙi da jayayya da mai tasi. Cunkoso ne dai sai haƙuri, tafiyar minti ashirin ta zama awa.

Luksor ku bi jirgin sama saboda Hajiya. Kogin Nilu ya raba garin biyu: gabas wuraren bautarsu, yamma kaburbura. Tsarin yini a can ɗaya ne, a fita bayan asuba, a dawo otal kafin azahar, a yi barci, a sake fita bayan la'asar. Kwarin Sarakuna da sassafe. Tikitin shiga na kabari uku ne kawai, na Tutankamun da na Seti na ɗaya kuɗinsu daban. Na Tutankamun, wanda Howard Carter ya gano a 1922, sunansa ya fi shi girma, ɗan ƙarami ne, kusan duk kayan suna Alkahira. Ka tambayi mai tsaron ƙofa wane kabari ne ba shi da gangara sosai, akwai waɗanda Hajiya za ta iya shiga a hankali, ta ga launin da aka shafa shekara 3,000 da suka wuce yana nan kamar jiya aka gama. Akwai 'yan ƙananan motoci da ke ɗaukar mutane daga ƙofa zuwa bakin kaburburan, ku hau, kada a yi jarumta. A hanyar dawowa ku tsaya a ginin Hatshebsut, macen da ta yi sarautar ƙasar, yana jikin dutse hawa uku.

Karnak kuwa, babban wurin bautarsu da ke gabas, ku ba shi lokaci. Akwai wani zaure mai ginshiƙai 134, manyan na tsakiya mutum biyar ma ba za su zagaye ɗaya da hannu ba. Ɗaya wurin bautar na cikin garin Luksor ku bar shi sai dare, ana haska shi, kuma a cikinsa akwai masallacin Abul Hajjaj da aka gina a kan tsohon ginin, har yau ana sallah. Da yamma ku ɗauki ƙaramin jirgin ruwa mai filafilai, faluka, awa guda a kan Nilu, yara za su fi tuna wannan da komai.

Abu Simbel na san shi ne ya ja hankalinka, kuma ya cancanta. Gumakan Ramsis huɗu, kowanne kusan mita 20, kuma a tsakanin 1964 da 1968 aka yanka dutsen gunduwa-gunduwa aka ɗaga shi sama har mita 65 don kada ruwan madatsar Aswan ya cinye shi. Amma ta mota, ana tashi wajen ƙarfe huɗu na asuba daga Aswan, awa uku da wani abu zuwa, haka dawowa, don a yi awa biyu a wurin. Da tsohuwa da yara ban ba ka shawara ba, sai in za ka biya jirgin sama daga Aswan. In kwanakin sun kai goma, abin da ya fi dacewa da Hajiya shi ne babban jirgin ruwan da ke tafiya tsakanin Luksor da Aswan, kwana uku ko huɗu, ɗaki da abinci duk a ciki, yana tsayawa a Edfu da Kom Ombo. Ranar da ta gaji ta yi zamanta a sama tana kallon dabino da ƙauyuka suna wucewa.

Takardu, kada ka dogara da cewa ana ba da biza a filin jirgi. Wannan na wasu fasfo ne, ba kowa ba. Ka tuntuɓi ofishin jakadancinsu da kanka tun da sauran watanni, ka tabbata fasfon kowa yana da sauran aƙalla wata shida, kuma ku riƙe katin rigakafin shawara, ana tambayarsa ga masu zuwa daga ƙasashen da cutar take. Kuɗi kuma, yawancin manyan wuraren nan yanzu da katin banki ake sayen tikiti, ba sa karɓar tsaba, don haka ka tabbata katinka yana aiki a waje kafin ku tashi. Kuɗin baƙo daban yake da na ɗan ƙasa, kada ka ga an rubuta biyu ka ce an cuce ka. Duk da haka ka riƙe canjin fam ƙanana a aljihu, saboda bakshish, mai banɗaki da mai ɗaukar kaya da mai ajiye takalma duk suna sa rai. Ruwan gora kawai za ku sha. Kada a ɗauki hoton soja ko ɗan sanda ko shingen bincike, kuma wannan ɗan jirgin ɗaukar hoton da ka saya wa yaro a bar shi a gida, za a ƙwace shi tun a filin jirgi. Magungunan Hajiya a jakar hannu, a cikin kwalayensu, da takardar likita.

Ka fara zama da maman yara ku tsayar da Disamba ko a'a, sannan ka duba kwana nawa za a ba ka a wurin aiki. In ka turo min wannan, sai mu zauna mu jera ranakun ɗaya bayan ɗaya, mu ga unguwar da ta fi dacewa ku sauka. Hajiya kuma a fara ɗan tattaki da yamma tun yanzu, ko zagaye gida ne. Sai da safenku.