Mahaifinmu ya riga kakanmu rasuwa: muna da gado?

Tambaya: Barista, mahaifinmu ya rasu a 2019, kakanmu kuma bana. Baffanninmu sun ce ni da ƙannena ba mu da ko sisi a gidan kaka da gonarsa, alhali mahaifinmu ne ya gina ɗakuna uku a gidan da guminsa. Ashe mu ba jininsa ba ne?

Amsa: Allah Ya jiƙan magabatanku. Ɗan'uwa, jininsa ne ku, babu mai ja da wannan. Amma rabon gado kusanci yake bi. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'a na Arewa suke hukunci da ita, ɗa namiji yana shamakance jika, wato ya hana shi gado. Tunda kaka ya bar 'ya'ya maza a raye, ba ku da kaso a dukiyarsa. Da 'ya'ya mata kaɗai ya bari, da kai da ƙannenka kun ɗauki abin da ya saura bayan masu kaso. Masar ta kafa dokar wasiyyar dole ga irin waɗannan jikoki tun 1946, amma Najeriya ba ta da ita.

Inda nake so ka sa ƙarfinka shi ne ɗakunan nan uku. Idan mahaifinku ya gina su ne don kansa, ba kyauta ya yi wa kaka ba, to dukiyarsa ce, kuma dole a ware ta kafin a taɓa rabon kaka. Sudusi (ɗaya bisa shida) ne kawai kaka ya gada a ciki, mahaifiyarku tana da sumuni (ɗaya bisa takwas), ku kuma ku raba ragowar bayan sauran masu kaso. Nemo birkilan da ya yi aikin, da rasiɗin siminti da kwano, da maƙwabtan da suka ga ginin. Marayu da yawa a nan ake cinye haƙƙinsu, saboda kunyar baffa.

Ka kuma bincika ko kaka ya yi muku wasiyya, ko da baki ne a gaban shaidu. Tana aiki har zuwa sulusin dukiya, don ku ba magada ba ne. Kyautar da ya damƙa muku a hannu yana da lafiyarsa kuwa taku ce.

Fara da sulhu ta hannun dattawan gida da limami, a tuna wa baffanni aya ta 8 a Suratun Nisa'i, wadda ta ce a ba dangi da marayu wani abu ranar rabo. In sun ƙi ware ɗakunan, shigar da ƙara a kotun Shari'a kafin a sayar da gidan, ka roƙi alƙali ya dakatar da rabon.