Kafin ka yi wa kwamfutar mutane fomatin

Kai yaro, ka ce laftof ɗin da ka sa wa Ubuntu, wato Linux ɗin nan da ake sawa a madadin Windows, in ka ja fayil da maus sai ya kuɓuce a hanya, kuma danna ɗaya tana zama biyu, wai ko ka goge ka sake zubawa. Ku yaran yanzu maganinku guda ne, fomatin, wato a goge komai a sake zubawa. An bar jaki ana dukan taiki.

Buɗe taminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta xev, manhajar da ke nuna duk abin da maus ya aiko. Ɗan akwati fari zai fito, kai kibiya cikinsa, danna maɓallin hagu ka riƙe. ButtonPress ɗaya, wato an danna, ya kamata ka gani a taminal, ButtonRelease kuma, wato an saki, sai ka ɗaga yatsa. In Release ya fito alhali yatsanka na kai, ko suka yi ta zubowa bibbiyu, suwic ɗin cikin maus ne ya gaji. Maganar batir da sauya ramin USB ba zan tsaya a kai ba, wanda bai san wannan ba ya koma sayar da katin waya.

Tambayarka ta tono mini wani Alhaji mai shagon buga takardu a wajen Ƙofar Ƙaura. A farkon 2020 ne, lokacin da Microsoft ta daina kula da Windows 7. Kwamfutocinsa tsofaffi, ba za su ɗauki Windows 10 ba sai da nishi. Na sa masa Linux Mint, ƙanwar Ubuntu, a dukkansu, na haɗa firinta, na zauna na koya wa yaransa LibreOffice, manhajar buga takardu, duk a kan rabin kuɗi, wai sauran sai an gama cinikin rajistar JAMB. Ba a jima ba ya kira ni yana sababi, wai abin da na sa ya lalata masa kaya, yara suna jan hoto yana faɗawa wata folda.

Na bar aikina na hau mashin cikin hazon hunturu. A gabansa na buɗe xev, ya ga danna ɗaya tana haihuwar biyu. Na kwance maus ɗin, irin na arha ne, cikinsa ƙura ta yi dam har da ɓawon gyaɗa. Na ciro nawa Logitech daga jaka na jona, komai ya tafi sumul. Sai ya ce, "Malam, bar mini shi zuwa gobe mu gwada." Ina jin nauyin furfurarsa, na bari.

Washegari ya kira wani yaro ya goge komai ya zuba masa Windows na sata. Sauran mausan suka ci gaba da danna biyunsu, mana, ai ciwon ba a can yake ba. Duk da haka ya hana ni cikon kuɗina, ya riƙe Logitech ɗina, ya kuma bi majalisa yana cewa na sa masa "abin yahoo". Akwai makarantar da muka kusa ƙulla aiki, maganarsa ce ta kore su. Har yau in mun haɗu a masallacin Juma'a shi ke fara miƙo hannu, ko kunya.

To, in xev ya nuna lafiya, sannan ka waiwayi Ubuntu. Shiga Settings, wajen Accessibility, ka kashe Hover Click, shi ke danna abu da kansa in kibiya ta tsaya. Tun fitowa ta 21.04 Ubuntu a kan Wayland take tashi, wato sabon tsarin nuna abubuwa a allo, kuma jan fayil tsakanin wasu manhajoji kan yi gardama a can. In 22.04 ce, fita daga asusunka, wajen sa kalmar sirri danna ɗan hoton haƙoran inji da ke ƙasa, zaɓi Ubuntu on Xorg, wato tsohon tsarin, ka gwada.

In kuwa suwic ne, kada ka tura mai kaya kasuwa. Akwai matattun mausa a kwali ƙarƙashin tebur. Ɗauki ƙarfen solda ka ciro suwic ɗin maɓallin dama, shi bai sha danna kamar na hagu ba, ka dasa. Kuma ka mayar mini da ƙarfen inda ka same shi.