Wat 5000 a kwali, wat nawa a cikin ɗaki?

Wata Hajiya daga Bagalam ta rubuto: "Ina haɗa wa ƴata kayan ɗaki. Mai shago ya nuna mini ampli biyu (na'urar ƙara ƙarfin sauti), ɗaya an rubuta masa wat 5000, ɗaya wat 60, kuma na 60 ɗin ya fi tsada. Ina tsoron dangin miji su ce na yi rowa. Wanne zan ɗauka?"

Hajiya, Allah ya sanya alheri, ki kwantar da hankalinki. Ɗakin amarya mai mita huɗu a kan huɗu, ga gado ga kujeru, wat 20 zuwa 50 na gaskiya a kowane ɓangare, hagu da dama, ya ishe shi har ya yi saura. Lasifikar gida, in aka ba ta wat 1 tak aka tsaya mita ɗaya daga gabanta, tana fitar da desibel (ma'aunin ƙara) 85 zuwa 90. Wannan ƙarar ta isa ta sa mutum ya ɗaga murya kafin a ji shi.

Amma bari in tsaya kan 5000 ɗin nan, don abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ki duba haruffan da ke gefen lambar. In kin ga RMS, shi ne ƙarfin da ampli zai iya riƙewa yana aiki. In kin ga PMPO, lambar talla ce, ba ta da ma'auni guda, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Kada ki tsaya gardama da mai shago, ki ce ya juyo miki bayan amplin. Kusa da inda wayar kuran ta shiga akwai ƴar takarda da ta faɗi wat nawa yake sha. In yana shan 40, daga ina 5000 za ta fito? Tulu ba ya zubo ruwan da ba a ɗura masa ba. Ki leƙa fis ɗinsa ma, ƴar wayar da ke tsinkewa in kuran ya yi yawa: fis mai amfiya 1 a kuran ɗinmu na bolt 220 iyakarsa wat 220 ke nan.

Ni ma an taɓa yi mini. Na sayo wani mai fitilu ja da kore, na ji nauyi a hannu na ce wannan ai ƙarfe ne. Wata uku ya yi shiru. Mai gyara ya kwance shi a gabana, sai ga tiransifoma kamar akwatin ashana, gefensa an manna guntun ƙarfe don ya yi nauyi. Dariyar da yaransa suka yi mini ta fi asarar kuɗin ciwo. Don haka Hajiya, in na 60 ɗin RMS ne, shi za ki ɗauka, a kunna shi a gabanki kafin ki ƙirga ko jika ɗaya.

Wani matashi daga Zariya: "Nawa wat 50 ne, ina son mai 100 don in danne na maƙwabcina." Malam, ninka wat desibel 3 kawai yake ƙarawa. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai ƙarfin ya ninka kusan sau goma. Za ka kashe kuɗi, ba za ka danne kowa ba, kuma layinku akwai tsofaffi da masu jego.

Wani daga Sabon Gari ya ce ya jona lasifika huɗu, amplinsa na zafi yana mutuwa. Duba om ɗinsu, wato ma'aunin yadda lasifika ke tare kuran: in ya ragu, ampli ya fi wahala. Biyu masu om 8 in aka jona su a bakin ampli guda sun koma 4, biyu masu 4 sun koma 2, kuma yawancin amplin gida ba sa jure 2. Cire biyu. Sannan ka ɗauke leshin da uwargida ta rufe amplin da shi. A zafin Afrilu, hudojin samansa ta nan yake numfashi.

Mai tambaya daga Mokoyo, da ƙaramar lasifikarsa ta ƙone sau biyu alhali amplinsa ƙarami ne: kana murɗa shi har ƙurya ne. Da zarar murya ta fara kwartsewa, ampli ya kai iyakarsa, kuma wannan kwartsewar ce ke ƙona lasifikar siririyar murya. Rage har sautin ya washe. In kuran na rawa a unguwarku, kuɗin sabon amplin ka sayi regilater, mai daidaita ƙarfin kuran, da su.