Amsa kan batun bindiga da shekaru a Amurka

Ɗan'uwa, ka tambaya me yasa Amurka ta kasa hana matasa mallakar bindiga. Tushen abin yana cikin tsarin mulkinsu ne, gyara na biyu tun 1791 ya ba mutane 'yancin riƙe makami. Amma ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne lissafin shekarun, wai sai ka kai 21 za a sayar maka da giya amma a jihohi da yawa kana cika 18 za ka iya sayen doguwar bindiga. Yaron da ya kashe ɗalibai 19 da malamai 2 a makarantar firamare ta Uvalde a Texas a 2022 haka ya yi wallahi, yana cika 18 ya shiga shago ya saya, doka ba ta hana shi ba.