Wane Sunan Latin ko na Girka Ya Dace da Gidan Ɗalibai?

Tambaya: Malam, mu huɗu ne muka kama hayar gida ɗaya kusa da jami'armu, kuma mun yi shawarar raɗa masa suna da harshen Latin ko na Girka, mu rubuta shi a allo a bakin ƙofa. Ɗayanmu ya kawo "Domus Novus", wani ya nace sai "Lyceum". Wanne ya fi dacewa?

Amsa: Ɗana, "Domus Novus" kuskure ne, kuma gara ku sani tun kafin mai fenti ya taɓa allon. Kalmar domus, wato gida, tamace ce a nahawun Latin, ko da yake ƙarshenta ya yi kama da na kalmomin maza, saboda haka sifar da ta biyo ta dole ta zama tamace ita ma: Domus Nova. Shi ya sa fadar da Sarki Nero ya gina bayan gobarar birnin Rum ta shekara ta 64 miladiyya ake kiranta Domus Aurea, gidan zinariya. Bahaushen da kunnensa ba ya karɓar "sabuwar gida" zai fahimci nauyin wannan kuskure. Haka kuma idan "gidan hikima" kuke so, kalmar sapientia, wato hikima, sai ta koma sapientiae, a ce Domus Sapientiae.

Shi kuwa Lyceum yana da tarihi mai daraja, domin nan ne masanin falsafa Aristotal ya kafa makarantarsa a birnin Atina a shekara ta 335 kafin haihuwar Annabi Isa. Sai dai wurin ya samo sunansa ne daga wata inkiya ta Apollo, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Girkawa, kuma ya kamata abokinka ya san haka kafin ya rataya shi a inda yake kwana. Ban da wannan, a ƙasashe da dama sunan ya zama na makarantun sakandare, don haka baƙo zai ɗauka aji ya zo.

Sunan da na fi so muku shi ne Contubernium. A rundunar Romawa, haka ake kiran rukunin sojoji takwas da ke kwana a tanti guda, suna dafa abincinsu tare, suna raba ɗawainiyar kayansu a kan hanya. Daga nan aka samu contubernalis, abokin tanti, kalmar da daga baya marubutan Latin suka riƙa amfani da ita ga amini na kurkusa. Ban san wata kalma da ta fi wannan kwatanta zaman mutane huɗu da ba jini ya haɗa su ba, amma suna tarayya a ƙofa ɗaya, da fitila ɗaya, da fargabar jarrabawa ɗaya. Aibinta kawai shi ne tsawo, gaɓa biyar cur, kuma na san abokanku za su gutsure ta cikin mako guda.

Idan ta yi muku nauyi a baki, akwai gajeru. Insula ita ce ainihin kalmar Romawa ta benen haya mai ɗakuna da yawa, irin waɗanda har yau kufansu ke tsaye a Ostia, tsohuwar tashar jiragen ruwa ta birnin Rum, kuma asalin ma'anarta tsibiri. Oikos na Girka ya ƙunshi gida da mutanen cikinsa duka. Stoa kuma rumfa ce mai ginshiƙai, irin wadda masanin falsafa Zeno ya riƙa koyarwa a ƙarƙashinta wajen shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa.

Abin da zan hana ku shi ne jera haruffan Girka uku kawai, domin a Amurka wannan alama ce ta ƙungiyoyin ɗalibai tun kafuwar Phi Beta Kappa a 1776, kuma za a zaci reshen wata ƙungiya kuka buɗe. Da ni ne, Contubernium zan sa a rubuta, a ƙara IV, wato huɗu a lambobin Romawa, a ƙarƙashinsa, tunda ku huɗu ne.