Tambayi Magini: Gidan Baba na ƙasa, mu rushe ko mu bari?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonni sun taru wannan karon, na zaɓi huɗu, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗan Ƙofar Sauri ne a nan Katsina. Mahaifinmu ya rasu bara ya bar muna gida na ƙasa, akwai zaure da soro biyu masu daurin guga, wato rufin nan na azara mai lanƙwasa, kakanmu ya gina shi. To yanzu ƙannena sun matsa lamba wai a rushe a yi na bulo da dogon rufin kwano irin na yayi, ɗaya daga cikinsu ma da ya je neman aure sai da aka yi mashi gori wai a gidan ƙasa za ya aje yarinya. Ni raina bai so amma na rasa abin da zan ce masu. Mi ka gani?

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba ya kyauta namu zuwan. Ɗan'uwa, a duk bayanin nan naka ban ji inda ka ce bango ya tsage ko soro yana yoyo ba, gori kawai na ji. Ke nan ba ginin ne ya gaza ba, idon mutane ne ya canza abin da yake karantawa a jikinsa, kuma kar ka raina wannan, gorin gidan surukai yana da ciwo, ƙanen naka ba shirme yake ba.

Amma bari mu tambayi kanmu, yaushe ƙasa ta zama alamar talauci a garin nan? Hasumiyar Gobarau da muke kai baƙi su ɗauki hoto, wadda ake danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, da me aka gina ta? Tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ai ginin ƙasa ce, ga ta nan har yau an mayar da ita gidan tarihi. Abin ya fara juyawa ne da Turawa suka kawo siminti da kwano, duk wani gini na hukuma ya koma da su, sai kuɗin mai da na ƙarin albashin Udoji suka shigo wajen 1974, ma'aikaci ya samu kuɗi a dunƙule abin da ya fara faɗo masa shi ne bulo. A 1975 jiragen ruwa ɗauke da siminti sai da suka toshe tashar Legas saboda yawa. Daga nan fa aka yanke wa ƙasa hukunci, duk wanda ya zauna cikinta to bai samu ba ne.

Abin dariyar shi ne kakanku ma da ya yi daurin guga ba don sanyi kaɗai ya yi ba, nuna isa ne irin na zamaninsa, don ba kowa ke iya kiran gwanin magini ya lanƙwasa masa azara ta haɗu a tsaka ba. Zankwaye a saman gini, zanen dagi a fuskar zaure, shafen makuba, duk magana ce ake yi wa mai wucewa cewa mai gidan nan fa yana da hali. A Zariya har keke attajirai suka riƙa sa wa a zana masu a bango lokacin da keke yake abin taƙama. To da kakanku da ƙannenka duk abu ɗaya suke so, a gan su a girmama su, kayan aikin ne kawai suka bambanta.

Shi kuwa jiki ba ruwansa da gori. Shiga soron nan da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40, sannan ka fito ka shiga ɗakin bulo mai inci shida da kwano a sama, ba sai na yi maka bayani ba. Bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, kafin ya ratso ciki dare ya yi, shi kuwa bulo rami ne a cikinsa, nan da nan ya ɗauki zafi, sai ka koma neman fanka da na'urar sanyaya ɗaki, wutar kuma ka san halinta. Dogon rufin nan mai tsini da ake yayi kuwa, asalinsa na ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba ne don ta zame ta faɗo, mu da ruwanmu bai wuce na wata huɗu ba me za mu yi da shi, ban da kuɗin katako da kwano da ya ninka da kuma iskar farkon damina da ke samun abin kamawa. Amma daga titi ana hango shi, kuma wannan ne amfaninsa na gaskiya a wurinmu.

Ba zan yaudare ka ba dai, gidan ƙasa yana da hidima. Sai an bi shi da yaɓe kafin damina, sai an duba indararo kar ya toshe, gara tana cin azara, giginyar da ake samun azarar ta yi ƙaranci, maginan da suka iya daurin guga kuma sun tsufa 'ya'yansu sun koma kwaɓa siminti. Shawarata ku nemo tsohon magini ya hau ya duba azarun da gindin bango, in lafiyarsu lau ku bar zauren da sorayen, ku gina sababbin ɗakuna na bulo daga ciki inda ango zai sa amaryarsa da tayil da komai yadda dangin ta za su yi guɗa. Abu ɗaya nake roƙonku, kar ku yi wa bangon ƙasa filasta da siminti, yana riƙe danshi a ciki ne, bayan damina biyu uku sai ka ga ya ɓamɓaro da ƙasar gaba ɗaya. Kuma zauren nan kar ku yi wasa da shi, gidajen zamani da suka yar da zaure baƙo sai falo kai tsaye, matan gida kuma su yini a takure.

In ƙannen naka masu son a ce Turai ta yarda ne, to faɗa masu Francis Kéré ɗan Burkina Faso ya ci kyautar Pritzker a 2022, wadda ita ce babba a duniyar zanen gine-gine, kuma aikin da ya fara fito da shi makarantar firamare ce ta tubalin ƙasa a ƙauyensu Gando. Nan kusa da mu a Nijar ma, masallacin Yama na ƙasa da wani magini Falke Barmu ya gina ya samu kyautar Aga Khan tun 1986. Ni dai abin yana ɗan ba ni haushi a ce sai na kawo shaida daga waje kafin a yarda da soron kaka, amma haka muka zama. Sai kuma batun gado, gidan na magada ne duka, ku zauna da malami a fitar wa kowa haƙƙinsa kafin a taɓa ko hoge ɗaya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, daga Daura nake. Maigidana yana cikin kwamitin masallacin unguwarmu, kullum ya dawo da ciwon kai, wasu sun ce dole a yi ƙubba a shafa mata kore a sa wata da tauraro in ba haka ba bai zama masallaci ba, kuɗin kuma ba su isa ba. Dole ne?

AMSA: Hajiya barka kadai. Hukunci dai na malamai ne ni magini ne, amma tarihin ginin zan iya faɗa miki. Masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina da tubalin ƙasa da itacen dabino aka fara gina shi, ba ƙubba ba hasumiya. Ƙubbar da ke can an fara yin ta a 1279, kuma sai a 1837 zamanin Daular Usmaniyya ta Turkawa aka shafa mata koren fenti, jinjirin watan ma ta hannun Turkawan ya yaɗu. Mu kuma alhazai suka yi ta dawo mana da hotonta a darduma da kalanda da agogon bango har idonmu ya saba, in ba mu ga kore a sama ba sai mu ji kamar da saura. Tsohon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina, kyansa duk a ciki yake, a bakan gizon da ke riƙe da rufin. Ƙubba tana da amfaninta, matafiyi ya hango ya san ga wurin sallah. Amma in kuɗi sun yi kaɗan ni da su Alhaji za su ji tawa, su fara da wurin alwala mai kyau da magudanar ruwa da manyan tagogi masu kallon juna.

TAMBAYA: Yallaɓai ni ɗalibi ne, na ga bidiyon wani gidan haya a TikTok falo kamar filin ƙwallo, har na tura wa dillali kafin alƙalami, da na je wallahi katifa biyu ba za ta shiga ba, ga kwata a ƙofar gida. Ya akai haka, ko haɗa bidiyon akai?

AMSA: Ƙanena sannu, ba a haɗa komai ba, gidan ne ka gani. Ɗauko wayarka ka buɗe kyamara, in tana da wurin da aka rubuta 0.5 danna shi ka tsaya a kusurwar ɗakinka ka ɗan rage tsawo, za ka ga ɗakin ya zama fada. Wannan idon kyamarar yana kwaso gefe da gefe ne ya tura bango nesa, in aka haɗa da farin fenti da fitilu da ɗakin da ba kaya, shi ke nan an gama da kai. Kwatar kuwa ai ba wanda ya yi maka ƙarya a kanta, ba a juya wayar ta wajen ba ne kawai. Haka ake yi da hoton taron siyasa, mai so ya ɗauka daga inda aka cunkushe, maƙiyi ya ɗauka daga baya inda ake sayar da fiya wata.

Abin da ya fi damuna ni a sana'ata shi ne yanzu har gini ake yi don kyamara. Mutum zai zo ya nuna min hoto daga Instagram ya ce irin wannan nake so, ba ya tambayar ina rana ke faɗuwa ko ta ina iska za ta shiga, a zuba kuɗi a get da fuskar gida, bayan gida ko filasta babu. Kuma ba kyamara kaɗai ke ƙara wa abu girma ba, labari ma yana yi, mutum nawa ne suka je rijiyar Kusugu a Daura da labarin Bayajidda da macijiya a kansu suna zaton za su ga wani tafkeken rami, suka tarar da rijiya daidai misali a cikin ɗaki?

Nan gaba ƙirga tayil ɗin da ke ƙasa a bidiyon, manyan nan galibi santimita 60 ne kowane gefe, in ka ga biyar a jere to mita uku ne faɗin komai yadda ya yi maka a ido. Kuma kar ka biya sai ka je da ƙafarka, da rana tsaka, in da hali bayan an yi ruwa.

TAMBAYA: Malam mun yi gardama da wani abokina ɗan kudu a shago, ya ce larabcin da ke jikin naira addu'a ce aka rubuta. Mi aka rubuta?

AMSA: Ba larabci ba ne ma, Hausa ce da ajami, kuma adadin kuɗin kawai aka rubuta, naira ɗari biyar, naira dubu, don wanda ya yi allo bai yi boko ba ya san abin da ke hannunsa. Wanda bai iya karantawa ba siffar baƙaƙen kawai yake gani sai ya fassara ta da addini, mu ma nan akwai masu ganin takarda da ajami a ƙasa su ɗauke da sauri ko da lissafin bashin goro ne. An cire shi daga naira 5 da 10 da 20 da 50 a 2007, sannan daga sabuwar naira 100 a 2014, amma yana nan a 200 da 500 da 1000. Ka ɗauko dubu ɗaya ka kira almajirin da ya iya haɗa baƙi ya karanta a gaban abokin naka, sai dai ka riƙe gefen kuɗin da kyau.